Bakan da Ruwa Bai Taɓa Ba

Bana ƙofar ɗakina ta ƙi rufuwa. Tun da damina ta zauna ba a yi kwana uku ruwa bai sauka ba, katako ya sha laima ya kumbura, sai na sa kafaɗa kafin sakata ta shiga. Gishiri ya jiƙe a kwano, ashana sai an ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama, tabarma tana warin rima. Abu ɗaya ne a ɗakin nan da laimar ba ta dama ba, wani baka da ke rataye a bango sama da gadona. Shekara arba'in ke nan ko kusa da haka, kuma har yau in rana ta leƙo ta taga sai ya mayar mata da haskenta. Baƙi in sun shigo sukan yaba shi. Ni na sassaƙa shi, kuma ba na son a yaba.

Gidanmu gidan masu baka ne. A garinmu, can kan hanyar amalanke tsakanin Cadawa da Agiye, kowa manomi ne, amma in rani ya yi Baba ke sassaƙa wa maharba da Fulani baka, kamar yadda ubansa ya yi. Yana da gizago guda, ɗan ƙarami, mai ƙotar marke da hannun mutum uku ya ci har ta yi kwarmi a wurin babban yatsa. A wurinmu wanda ya karɓi gizagon nan shi ya karɓi sana'ar gida. Ko ƴaƴa goma suka iya sassaƙa, sunan mutum ɗaya ake kira. Mu biyu ne maza, ni Lawali, sai ƙanena Sani, shekara uku tsakaninmu.

Da yake ni aka fara haifa, Baba bai taɓa kiran sunana ba. Kunya ce, kowa ya san al'adar, ni ma na sani. In yana son ni sai ya ce "kai", in yana maganata da wani sai ya ce "wancan". Sani kuwa tun safe sunansa na bakin Baba: Sani miƙo wuƙa, Sani taɓa nan ka ji, Sani ina ka ga itacen nan yake son lanƙwasa. Na san dalili, amma duk da haka ina ƙirgawa. Wata rana muna yara na ƙirga sau goma sha bakwai kafin azahar.

Ina da shekara ashirin na bar gari. Na yi dako a Kumasi, na bi masu kora shanu zuwa bakin teku har na iya Fulatanci a wurinsu, na ƙare a Abijan a shagon wani kafinta, inda na yi shekara huɗu ina goge katako ina koyon Faransanci a bakin masu sayen kujera. Sani bai taɓa wuce kasuwar Cadawa ba. Na dawo gida da akwatin ƙarfe, a ciki akwai rediyo, da turmin atamfa biyu, da takarda mai yashi ta goge katako, da gwangwani ɗaya na abin da kafintocin can ke kira berni, wani ruwa mai kauri kamar zuma da ake shafa wa katako ya bushe ya yi ƙyalli. Na zo da shi don ƙofar ɗakin da nake niyyar ginawa. Shekarar da na dawo ita ce ta babban fari na biyu, kuma ɗakin ba a gina shi ba.

Ruwan farko ya makara. Da ya zo muka fita gaba ɗaya muka shuka, gero ya tsiro, rana ta cinye shi. Muka sake. Na uku binne muka yi a busasshiyar ƙasa, muna fatan ruwa ya same shi a can. Kullum bayan azahar hadari zai haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso mai ƙamshin ƙasa, mata su kwashe shanya su jera tukwane a bakin indararo, sai iskar ta juya ta watsa shi, a mayar da tukwane wurinsu. An fita roƙon ruwa ban san sau nawa ba. Geron da ya tsira ya kai gwiwa ya tsaya, ganyensa ya naɗe ya koma launin toka, in ka bi ta gona sai ka ji yana ƙara kamar ana murza takarda. Zafin shekarar ba irin na Kurmi ba ne, can kudu, mai jiƙa riga. Wannan gumi ma ba ya bari ya fito, yana shanye shi tun daga ciki.

Lokacin da ya kamata a ce kaka ta yi, mun riga mun share gindin rumbu da tsintsiya. Abin da na fi tunawa shi ne shirun safiya, don babu turmin da ke ƙara a garin. Mata na fita da asuba neman jiga da yaɗiya, su dawo rana ta take. Anza, ƴaƴan wani itacen daji, ana jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita, ruwan kuma sai an tsaya layi a rijiya ana jiran ya taru a ƙasa. Wasu suka tona gidan tururuwa don ƴan ƙwayoyin da ta ɓoye. Sannan akwai aduwa. Ita ba ta san fari ba. A gindinta ake tsintar ƙwallayen bara da awaki suka tauna suka tofar, a kawo gida a fasa da dutse ɗaya bayan ɗaya, a dafa ƙwayar a zubar da ruwan ɗaci, a raba da ludayi. Sau ɗaya muke ci, bayan la'asar. Na ga yunwa a Abijan, amma can yunwar mutum ɗaya ce a tsakiyar kasuwa cike da doya. A nan kasuwar ma yunwa take ji.

Shanunmu goma sha ɗaya ne, suka koma huɗu. Mai kiwon su wani Bafulatani ne, Yero, wanda ubansa ya yi wa Baba kiwo kafin shi. Wata safiya ya zo ya durƙusa a gaban Baba a gindin itacen bedin ƙofar gida, ya ce da ƴar laka ta ƙare a tabkin yamma zai kora abin da ya rage ya yi kudu, can cikin Najeriya inda koguna ba sa ƙafewa, kuma in Baba ya yarda zai tafi da namu. Ya ce wata guda ya rage, ko ƙasa da haka. Abin da yake buƙata baka ne, don nasa ya tsage, kuma hanyar akwai kura, akwai masu ƙafa biyu da suka fi kura.

A lokacin idon Baba ya riga ya tafi, haske da duhu kawai yake bambancewa. Ya sa aka sauko da sanduna biyu na itacen dargaza daga rufin ɗakin girki, inda suka yi shekara uku suna shan hayaƙi. Daga gindi ɗaya ya sare su tun yana gani. Ya shafa su, ya miƙa ɗaya ga Sani, ɗayar ya miƙo ta wajen da ya ji numfashina. Ya ce kowa ya sassaƙa nasa, Yero ya tafi da biyu, hanya mai nisa ba a yi mata baka ɗaya.

Sassaƙar ba ta raba mu ba. Gizagon ɗaya ne, muna karɓa-karɓa, kuma zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne, hannuna bai gaza nasa ba. Cikin mako guda bakkunan biyu suka tsaya kamar tagwaye. Abin da ya raba mu shi ne abin da za a shafa musu.

A gidanmu tsohon man shanu ake narkawa da kakin zuma, a shafa, a rataye a hayaƙi. To shekarar nan saniyar da ke iya tsayuwa ma ba ta da nono, zuma kuwa ta bar amya ta yi ƙaura tun bazara. Mutanen gindin bedi, da ba su da aikin yi sai jiran la'asar, kowa ya kawo shawara. Wani ya ce ƙaro, Baba ya ce ƙaro da ya ji ruwa zai koma kunu. Wani ya ce kitse, ga mushen shanu ko'ina a bayan gari, aka ce masa ya je ya nemo wanda ya mutu da kitse a jikinsa. Wani da ya taɓa aikin gareji a Maraɗi ya ce baƙin man mota. Yero ya ce shanunsa ba za su bi mutum mai warin kamiyo, motar kaya, ba.

Nan na ga ranata ta zo. A duk zaman nan ni kaɗai na san mene ne laima. Su ruwa suka sani, wanda ke sauka ya wuce rana ta fito. Na gaya musu yadda a kudu iska kanta jiƙaƙƙiya ce, yadda takalmin fata ke kwana ya wayi gari da fumfuna, yadda raɓa ke jiƙa mutum har ƙugu tun bai yi taki ɗari a ciyawa ba, yadda na ga ƙofofi sun karkace a Abijan in ba a shafa musu berni ba. Na ce itace a can sai an rufe masa kowace ƙofa. Na ɗauko gwangwanin na buɗe. Baba ya karɓa ya kai hanci, ya kawar da kai.

"Wannan warin na asibiti ne ko na mota?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai Baba ya juya ya ce, "Sani, kai mi ka gani?"

Sani ya ce shi aduwa zai gwada. Ya ce ya lura dutsen da mata ke fasa ƙwallo a kai ya yi baƙi, kuma in ruwa ya ɗiga masa ba ya shiga. Ya ce itace in ya ƙoshi da mai ba ya neman ruwa. Baba ya gyaɗa kai sau biyu, a hankali. Ni da na ƙetare ƙasa uku ban samu ko ɗaya ba.

Na goge nawa da takarda mai yashi har ya yi santsi kamar ƙwai. Na shafa berni, na jira ya bushe, na goge, na sake, sau biyar. A shagon Abijan uku ake yi wa tebur, amma na ce wannan ba tebur ba ne. Da ya bushe sai ya fito ja-ja kamar an tsoma shi a zuma, kana ganin jijiyar itacen a ciki. Mata suna leƙowa ta darni su kalle shi. Har daga ƙauyen gaba wani tsoho ya tako da yunwarsa don ya gani. Da Yero ya zo sai na yi masa bayani da Fulatanci, na daɗe ina yi, muna dariya, Sani na zaune a gefe bai ji ko kalma ba. Da gangan na yi.

Shi Sani aikinsa ba abin kallo ba ne. Rabonsa na ƙwayar aduwa yake ɗauka kafin a dafa, ya soya a kasko, ya daka, ya matse a tsumma. Ƙwarya guda ba ta ba shi abin da ya cika ƙaramin ludayi. Da tsakar rana yakan shanya bakan ya yi zafi, ya ɗiga man a tafin hannu, ya yi ta murzawa daga wannan kai zuwa wancan har tafin ya yi ja, sannan ya rataye shi a hayaƙi. Gobe haka. Ya ce kwana talatin zai yi. Bakan sai duhu yake ƙarawa, ba ƙyalli ba komi. Amma kullum in ya gama sai Baba ya ce a miƙo masa, ya shafa, ya sansana, ya ce ya fara sha, ko ya ce nan wajen bai ƙoshi ba. Nawa sau ɗaya ya taɓa shi, ya ce yana da santsi.

Rana ta goma sha tara, bayan sallar azahar, ana zaune a ƙofar masallaci ana maganar wanda ya tafi da wanda zai tafi, wani ya tambaye ni ya gida. Na ce, "Mu gidanmu ai ba a yunwa. Har itace muke ciyarwa."

Na faɗa da sigar wasa, aka yi dariya irin ta masu yunwa, gajera. Kafin la'asar maganar ta kai rijiya. Na san abin da ban faɗa ba. Na san daga bakinsa yake cire man nan, ba daga na kowa ba, kuma na san tunkuzar da ta rage yana mayar da ita tukunya. Amma matarsa Dije tana da ɗan yaye a lokacin, wuyansa kamar zare, kuma matan rijiya ba su bar ta ba. Ta dawo ta ajiye tulu, ta shiga ta ɗauke kaskon da tsumman ta kai ɗakinta, ba ta ɗaga murya ba. Daga ranar yara da manya suka sa masa suna Mai Ciyar da Itace. Sani bai tambayi wanda ya fara ba, ko da yake garin bai kai girman da za a ɓoye irin wannan ba. Sauran kwanakin da tafin hannu kawai ya ci gaba da murzawa, babu mai.

Ana jibi Yero zai tashi na nemi a gwada. Baba ya ƙi da farko, ya ce ruwan da aka tsaya wa layi ba na wasa ba ne, daga baya ya yarda da ludayi ɗaya ga kowane baka, a tara ƙwarya a ƙasa, abin da ya zuba a ba akuya. Aka taru a gindin bedi. Yero ya zuba wa nawa, ruwan ya zame kamar a bayan tasa, ya sauka ƙwarya bai bar ko alama ba. Ya zuba wa na Sani, ya gangara shi ma, amma ya bar tabo mai duhu da ya ɗan jima kafin ya ɓace. Mutane suka ce magana ta ƙare. Aka gaya wa Baba abin da aka gani.

"Ludayi ba damina ba ne," in ji shi. Sannan ya ce, "Ku shaida. Wanda bakansa ya dawo a miƙe, bai karkace ba, bai saki ba, shi zai ɗauki gizago."

Yero ya tafi da shanu huɗu namu cikin nasa, bakkuna biyu a kafaɗa.

Ranin da ya biyo baya ba na son tsayawa a kansa. Gidaje da yawa an toshe ƙofarsu da ƙaya, masu su sun yi Katsina da Kano. Mukan taka zuwa Agiye in an ce kamiyo ya kawo jar dawa, mu wuni a rana, wani lokaci mu dawo da mudu biyu, wani lokaci mu dawo da labari. An sayar da rediyon, an sayar da atamfar. Ni da na san hanya, na san harsuna, ina iya tafiya a kowace safiya, abokaina sun aiko in zo. Mutane suka ce Lawali ɗa ne, ya ƙi barin tsohonsa a wahala. Gizago nake jira.

Damina ta gaba ta zo da ruwa. Ranar ruwan farko na ga Baba ya sa an fitar da shi tsakar gida, ya zauna a ciki, ya buɗe tafin hannu. Aka yi shuka, aka yi noma da ƙarfin da babu, gero ya yi. Turmi ya dawo da ƙararsa. Yero bai dawo ba sai bayan an ɗaure dammuna, don ya ce bai yarda da labarin ruwa ba sai da ya ji daga bakin mutum uku. Ya shigo gari da hantsi, ya rame, ya yi baƙi. Cikin shanunmu huɗu biyu suka dawo, da ɗan maraƙi a bayansu. Baba ya shafa bayan maraƙin ya yi ta godiya ga Allah. Sannan mutane suka taru, don ba wanda ya manta.

Bakan da ke kafaɗar Yero na Sani ne. Da ƙyar na gane shi. Ya yi baƙi kamar gindin tukunya, tsakiyarsa ta sha hannu har ta lotsa, kansa na sama ya ɗan karkace hagu, an ɗaure shi da jijiya inda ya fara tsagewa. Yana warin man shanu da hayaƙi. Nawa kuwa daga kan jaki aka sauko da shi, a naɗe cikin tsumma, tsumman cikin tabarma. Da aka warware sai ya haska kamar ranar da na gama shi, a miƙe sak. Aka yi ta salati. Yero ya ce wa jama'a da Hausa wannan baka na sarauta ne, bai taɓa ganin irinsa ba.

Sai ya matso kusa da ni, yana murmushi kamar mai ci gaba da yabo, ya koma Fulatanci. Ya ce kada in ji haushi. Ya ce a makon farko ya ɗauke shi, rana ta buga shi, zabin da yake bi suka tashi tun daga nesa. Da suka isa ƙasar raɓa ya same shi yana zamewa a jiƙaƙƙen hannu kamar kifi. Ya ja shi sau ɗaya da ƙarfi ya ji yana ƴar ƙara tun daga sama har ƙasa, kamar fatarsa na tsagewa, ya ji tsoron kada ruwa ya shiga ta tsagar ya kasa fita, sai ya naɗe shi ya ajiye mini kayana. Ɗayan kuwa, da shanu suka samu ciyawa nono ya dawo, kowane mako yakan ba shi man shanu, yana sha. Da shi ya ci zabi da gada damina guda, da shi ya kori kura ranar da aka haifi maraƙin nan. Ya ce da an ƙara masa ƴan kwanaki yana shan mai a hannun mai shi kafin tafiya, da wataƙila kan ma bai karkace ba.

A duk taron ni kaɗai na ji abin da ya faɗa.

Aka miƙa wa Baba nawa. Ya bi shi da hannu daga kai zuwa kai. Ya tsaya a wurin da tsirkiya ke zama, ya sa farcen babban yatsa yana neman gurbin da takan ci a itace. Babu. Ya koma tsakiya, inda hannu ke riƙewa, ya shafa, ya sake shafawa. Sannan ya karɓi na Sani, ya yi masa haka, ya daɗe a kan ɗaurin jijiyar. Ya ɗago fuskarsa wajen da nake tsaye, da idanun nan farare, ya jira. Na san abin da yake jira. Kalma kaɗan ce, kuma da Hausa ake faɗinta. Na dubi ƙasa.

"Magana ta riga ta fita," in ji Baba. "Sani, ɗauko gizagon ka ba yayanka."

Sani ya shiga ya ɗauko, ya durƙusa ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce Allah ya sa albarka, Yaya. Na duba fuskarsa ina neman ko ɗan abu, ban samu ba. Mutane suka yi mini barka suka watse. Nawa bakan aka jingina a bango. Na Sani ya wuni a kan cinyar Baba, yana shafa shi kamar kyanwa, har aka kira la'asar.

Baba ya rasu kafin damina ta zagayo. Bayan arba'in na sa gizagon a ƙasan akwati na yi arewa. Na yi Agadas, na ƙetare sahara, na yi shekaru a Jidda, inda na ga masu jiragen ruwa na katako suna murza musu man kifi da hannu, na tsaya ina kallo har mai aikin ya tambaye ni ko lafiya. Ban sake sassaƙa baka ba. Sani ya kai wa maƙeri guntun ƙarfen tsohuwar mota aka ƙera masa gizago, ya yi masa ƙota da kansa. Duk inda na haɗu da ɗan ƙasarmu sai na tambayi gida, sai a ce ai Fulani har daga wajen Gidan Sori suna zuwa neman Mai Ciyar da Itace. Sunan da bakina ya jawo masa don a yi dariya, da shi aka san gidan ubanmu. Wasu ma ba su san yana da wa ba.

Yanzu mu biyu mun tsufa, katanga ɗaya ce tsakanina da shi. Masu sayen baka sun ƙare sai ɗaiɗai, yawanci ƙotar fartanya yake yi, amma har yau yana da ƴar kwalbar man aduwa a zaurensa. Shekaranjiya da safe, ana yayyafi, na buɗe akwatin ina neman bargo, hannuna ya taɓa gizagon. Na zauna da shi a bakin gado na jima. Sannan na rufa buhu a kai na fita, na zagaya ta ƙofarsa.

Na same shi a zaure yana feƙe wata ƙota. Muka gaisa, muka yi maganar ruwa. Na ajiye gizagon a gabansa na ce nasa ne, tun ranar nan nasa ne, kuma akwai abin da Yero ya gaya mini da ban faɗa ba. Ya ce ya sani. Ya ce Yero ya gaya masa da Hausa washegari, a bakin rijiya.

Ya ɗauki gizagon, babban yatsansa ya faɗa kwarmin nan kamar don shi aka yi. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa ƙotar da farce.

"Yaya, ƙotar nan ta bushe. Ba ka ba ta komi?"

Ya jawo kwalbar, ya ɗiga a tafin hannu, ya shiga murzawa. Ruwa na zuba daga indararo, ni ina zaune ina kallon marken da ya yi shekara arba'in a akwatina yana shan mai a hannunsa, yana komawa baƙi. Da ya gama ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce hannunsa ya saba da na ƙarfen mota, kuma abin da Baba ya bayar a gaban jama'a shi ba zai karɓe ba. Ya ce in dinga kawo shi kowace Juma'a ya ƙara masa, kwana ɗaya ba ya ƙosar da itace.

Na dawo da shi a ƙarƙashin buhu. Na sa kafaɗa na rufe ƙofar. Tafin hannuna na ta warin aduwa har yanzu, na wanke da sabulu sau biyu. Gobe Juma'a.